Gidan Likita Mila da Hannun Maginan Hausa

A ƙarshen daminar bara na kai ɗiyar ƙanwata wani ɗakin shan magani a ɗaya daga cikin ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, jikinta zafi rau da zazzaɓin cizon sauro. Ginin bulo ne mai inci shida, an kifa masa kwano ba silin, tagogi biyu ƙanana. Kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Ma'aikacin lafiyar da kansa ya kinkimo benci ya kai gindin darbejiya, nan ya duba yarinyar, nan ya rataya ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Bayan ginin kuwa, taku kaɗan, ga gonar shinkafa shaƙe da ruwan kanal. Ina zaune ina yi mata fifita ina tunanin soron kakana, wanda ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa.

Yadda ya kamata a gina wa mai magani da majinyacinsa muhalli tsohuwar magana ce a ƙasar nan. Likitocin Turawa na farko da suka zauna a ƙasar Hausa da kewayenta mutanen zamanin Sarauniya Biktoriya ne, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, kuma kowannensu ya zo da siffar gidan likita a zane cikin kansa.

A Ingila ta wancan lokaci gidan likita sananne ne tun daga bakin titi. Jan bulo gasasshe, rufin allon dutse mai gangara don ruwa da ƙanƙara su sille, bututan hayaƙi a tsaitsaye bisa rufi saboda kusan kowane ɗaki da murhunsa na jin ɗumi. A jikin ƙofa akwai allon tagulla ɗauke da sunan likita, ana goge shi kullum, sau da yawa kuma da jar fitila a sama don mai neman taimako da dare ya gane gidan. Akwai ƙararrawar dare. Wasu gidajen har da bututun magana daga bakin ƙofa zuwa ɗakin kwanan likita, ya ji abin da ke tafe da mutum tun bai sauko daga bene ba. Ɗakin duba marasa lafiya yana ƙasa, galibi da ƙofarsa daban ta gefe, don kada majinyata su ratsa ta wurin iyali. Daga baya can ga rumfar doki da keken doki, domin likitan wancan zamani shi ke bin marasa lafiya gida-gida.

Ɗakunan dogaye ne, tagogin manya, kuma da dalili. Har wajen ƙarshen zamanin Biktoriya, yawancin likitoci sun yi imani cewa cuta daga gurɓatacciyar iska take tasowa, iskar fadama da juji da ɗakin da ba ya shan iska. Sunan da suke kiran zazzaɓin cizon sauro da shi ma, a harshen Italiya, mummunar iska yake nufi. Da aka soke harajin bulo a 1850, aka soke na tagogi a 1851, sai masu hali suka saki hannu wajen tsawon bango da faɗin taga. Gida ne da aka tsara don ƙasar sanyi da ƙarancin rana: a jawo haske, a riƙe ɗumi, a kori ɗoyi.

Na farko cikin likitocin nan da ya yi zaman dirshan kusa da mu shi ne Dokta William Baikie, likitan sojan ruwa, mutumin tsibiran Orkney a arewacin Sikotlan. A 1854 ya jagoranci jirgin ruwa mai suna Pleiad ya hau Kwara da Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kullum, ya komo ba Bature ko ɗaya da ya mutu, abin da ba a taɓa gani ba a kogin nan. Tafiyarsa ta biyu a 1857 jirgin ya fashe a duwatsun Jebba. Maimakon ya koma gida sai ya nemi wuri a mahaɗar kogunan biyu, ƙarƙashin ikon Etsu Nupe Masaba, ya sare daji, ya gina gidaje da abin da ƙasar ta ba shi, ya buɗe kasuwa, yana magani yana shari'a yana koyarwa. Wurin nan shi ne Lakwaja. A 1862 ya zo har Kano ta hanyar Bida da Zariya, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Ya rasu a Saliyo a 1864 kan hanyarsa ta komawa gida.

Abin da ya juya tarihin gidan Bature a Afirka ya faru ne a Indiya. A watan Agusta na 1897 wani likitan soja, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓi a cikin cikin sauro. Daga nan laifi ya tashi daga kan iska ya koma kan sauro, kuma ba da jimawa ba ya zarce kan mutanen da sauron ke cizo. Masu bincike suka ce jinin yaran Afirka shi ne rumbun cutar, saboda haka maganin Bature shi ne ya yi nesa da su. Lokacin da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, gidajen ma'aikatansa na katako ne, ana yanko su a Ingila a haɗa a nan, a ɗora bisa ginshiƙan ƙarfe don iska ta ratsa ta ƙasa gara kuma ta rasa hanya, da baranda mai faɗi da rufin kwano. Wasu na nan tsaye a Lakwaja har yau. Daga baya aka mayar da nisan doka: tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa sai an bar fili yadi 440 ba gini, wai iyakar tafiyar sauro ke nan. Unguwannin da muke kira Ji'ar'e a Kano da Zariya da Kaduna daga wannan lissafi suka fito. Likitan gwamnati ya zama mutumin da ke kwana can bayan fili, ya shigo gari da safe.

A cikin wannan yanayi ne Dokta Walter Miller ya iso, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. An haife shi a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew's na Landan, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya zo sai da ya tafi Tarabulus ya zauna cikin fatake da alhazan Hausawa yana koyon harshe. A farkon 1900, Sarauniya Biktoriya tana da rai, su biyar suka taso daga Ikko ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, suka nufo Kano. Duk mai zuwa Kano daga Zazzau sai ya ratsa ƙasarmu ta kudu ya haye Challawa, don haka idanun kakanninmu na wannan yanki na cikin waɗanda suka fara ganinsu. Sun shiga birni a watan Afrilu. Sarki Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya ba su kwana uku su bar masa gari. Ban ga laifin Sarki ba. Baƙi ne da suka zo ba da izininsa ba, da niyyar sauya wa jama'arsa addini, ga sojojin ƙasarsu suna matsowa daga kudu, kuma shekara uku bayan haka sojojin nan suka fasa Bebeji suka ci Kano. Ayarin ya koma ya ya da zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu.

Mila bai haƙura ba. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya samu wuri a cikin ganuwar Zariya, a Durumin Maigarke. Abin lura a nan shi ne, lokacin da 'yan'uwansa na gwamnati ke auna yadi 440, shi ya shiga tsakiyar mutane, cikin gidan ƙasa, da ɗakin magani da makarantar yara a haraba ɗaya. Ya kwashe shekaru fiye da ashirin a haka.

Gida a birnin Zazzau na 1905 hanya ɗaya ake gina shi, kuma garin ba baƙon gwanaye ba ne. A nan ne Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, wato daidai shekarun da Biktoriya ke hawa gadon mulki. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakunan masallacin nan ya ɗaga kai ya san cewa masu wannan aiki ba su da abin koyo wajen kowa a kan laka. Zuriyarsa da almajiransu su ne maginan garin, da sarkinsu da tsarinsu.

Aikin da rani ake yinsa. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a jera a rana. Na ga wannan aiki ina yaro, kuma abin da ban manta ba shi ne magini zaune a kan bango kamar mahayin doki, yaro daga ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya-ɗaya, shi kuma yana cafewa ba ya ko dubawa, ya dasa shi tsaye tsininsa sama, ya ɗebo cura ya maka a tsakani. Bangon daga tushe yakan ɗauki tubali uku ko huɗu a jere, yana hawa yana sirancewa. Ba a gaggawa. Sai sahu ya sha iska a ɗora wani.

Rufi shi ne inda ake gane gwani. Itacen aikin azara ce, tsagin giginya, wadda gara ba ta ci. Amma azara tana da iyaka: in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, za ta lanƙwashe ƙarƙashin nauyin ƙasa. Talaka sai ya tsaya a nan, shi ya sa ɗakunanmu na da suke da tsawo ba faɗi. Mai hali kuwa sai a yi masa bakan gizo. Magini zai dasa azara a cikin bango ta leƙo, ya ɗora wata ta ɗan zarce ta, ya ɗaure da igiya tamau, ya ɗora wata, daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da laka a shafe. In an gicciya bakuna suka haɗu a tsakiya kamar yadda ake ɗaure bakin guga, shi ne ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa take zama. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗin da ya ninka tsawon azara sau uku ko huɗu ba ginshiƙi a tsakiya. Sama a shimfiɗa azara, a bi da zana, a zuba ƙasa a daddaɓe, a ja rawani kewaye, a kafa zankwaye a kusurwa, a fitar da indararo nesa da bango don ruwa kada ya ci tushe.

A nan ne Kura ta shigo labarin. Abokin gabar ginin ƙasa ruwan sama ne, kuma garkuwarsa iri biyu ce. Akwai makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe. Akwai kuma laso, simintin Hausa, wanda ake haɗawa da katsi da gashin jima da ruwan dafara. Katsi kuwa ba komai ba ne illa dattin da ke kwantawa a gindin karofi bayan an gama rini, a kwashe a ƙona a daka. Garin da ya fi kowa marina shi ya fi kowa katsi. Kura ta yi suna a duk Sudan da baƙin rini mai sheƙi, har rawanin da Buzaye ke naɗawa a Agadas da Ayar ana kiransa ɗan Kura. Ashe sana'ar da ta tufatar da Sahara ita ce kuma ke fitar da abin da ke hana soro yoyo. Marini, majemi, magini, kowa sharar wani ce jarinsa.

Me likita ya samu a irin wannan gida? Na farko sanyi. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi, da hunturu kuma ɗumin nan ne ke riƙe ɗaki har asuba. Abin da gidan katako na Lakwaja ke nema da baranda da ginshiƙi, soro ya same shi da nauyinsa kawai. Na biyu tsari. Ƙofar gefe da ɗakin duba marasa lafiya da maginin Ingila ke wahalar ƙirƙira wa likita, gidan Bahaushe ya zo da su tun asali: zaure na baƙo ne, shigifa ta wanda aka yarda da shi, cikin gida na iyali. Mai ciwo zai zauna a dakali ya jira, a gan shi a zaure, ba wanda ya keta hurumin wani. Wanzami da maɗori da malami mai rubutun sha duk a zaure suke karɓar mutane, don haka mara lafiya da ya zo wurin Mila bai shiga wani baƙon wuri ba.

Ba na ɓoye aibin ginin ƙasa. Yana son yaɓe kusan kowace shekara, in aka yi sakaci damina biyu sai rufi ya rufto. Tagoginsa ƙanana ne, ɗaki da duhu, aikin tiyata kuwa yana son haske. Mafi muni, duk inda aka haƙi ƙasar gini an bar kududdufi, kududdufi kuwa gidan sauro ne, kuma likitocin gwamnati da suka yi ta kuka da kududdufan Kano suna da gaskiya. Amma gyaran waɗannan abu ne mai yiwuwa, an kuwa gwada. Turawa da dama a Kano da Zariya da Katsina sun sa magina sun faɗaɗa taga, an sa mata katako da ragar waya, an daɓe ƙasa da siminti, aka bar bango da baka yadda suke.

Wanda ke son ganin wannan haɗi da idonsa ya je Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa cikin Kano. Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan, shi ma da mishan ya fara zuwa kafin ya koma aikin gwamnati, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Kano a 1909. Shi ba likita ba ne, amma gidansa shi ne ɗan'uwan gidan Mila da ya fi samun kulawa: bene na ƙasa, bakuna a ɗakuna, zane a bango, zankwaye a sama, yanzu kuma gidan tarihi ne a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Razdan na farko a Kano ma, Dokta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma saboda shi ya yanka ƙasar gunduma-gunduma ya tura hakimai su zauna a cikinsu, a gidan sarki na Nasarawa Turawansa suka fara sauka, ƙarƙashin rufin azara.

Zaman mishan a cikin birnin Zariya bai yi wa sarauta daɗi ba, bai kuma yi wa gwamnatin Turawa daɗi ba. A 1929 aka fitar da shi bayan ganuwa zuwa Wusasa, gindin dutse. Can aka gina majami'ar St Bartholomew's da tubali da azara da bakan gizo, aikin maginan Zazzau, aka kafa asibitin St Luke's da makaranta. Mila ya ƙarasa aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932, ya rasu a 1952. Burin da ya kawo shi, na juya ƙasar Hausa, bai cika ba, mutanen da suka bi shi kaɗan ne. Sai dai daga wannan 'yar al'umma aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda ke cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, aka kuma samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ya kayar da soro jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, ya bi ta Madobi da Challawa a gefenmu, ya kwashi gyaɗa ya kawo kwano da siminti. Kwano ba ya son yaɓe, kuma ya zama alamar wanda ya samu. A hankali muka ɗauki rabin gidan Lakwaja, wato rufinsa, muka bar baranda da tsawon bango da silin da ragar sauro waɗanda suke sa a iya zama a ciki. Muka kuma saki soro gaba ɗaya. Baban rini na kanti da yadin masaƙa suka rufe yawancin karofi, katsi ya yi wuya, matasa suka daina gadon magina.

Mu a nan sai ruwa ya ƙara nasa. An gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo kanal ta Bunkure da Kura da Garun Malam, Kadawa ta zama cibiya, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ba mai musun alherinsa. Shinkafa da tumatir da alkama sun sa yankin nan ya zama rumbun Kano, injinan casa a Kura ba sa hutawa. Amma ƙasar da take shan ruwa rani da damina ruwanta na ƙasa tasowa yake, kuma tushen bangon laka ba ya jure dausayi. Na ga gidaje a ƙauyukan bakin kanal da gindin bangonsu ya yi fari da gishiri yana zubewa kamar gari. Sauro, wanda da yake tafiya hutu da rani, yanzu shekara yake yi tare da mu, ga tsargiya a jikin yaran da ke wanka a kanal. Wato wurin da ya fi ko'ina buƙatar ɗakin jinya mai sanyi mai ragar sauro shi ne wurin da tsohon gini ya fi wuyar tsayawa.

Maganin wannan ma sananne ne ga masu aikin: a ɗaga tushe da dutse da siminti ya haura inda danshi ke kaiwa, a ɗora bangon ƙasa mai kauri a kai, a yi taga babba da raga, in za a sa kwano a sa shi sama da rufin ƙasa ya zama laima, a fitar da baranda inda masu jiran layi za su zauna. Sashen nazarin gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ya daɗe yana auna tsofaffin sorayen Zariya da Kano yana zana su, ilimin yana nan a takarda. Waɗanda ke da shi a hannu ne suke ƙarewa.

Da yarinyar ta warware na bi ta tsohon gidanmu. Soron kakana yana nan, an yi masa facin siminti a gindi, zanko ɗaya ya karye, ana ajiye buhunan shinkafa a ciki. Na tambayi ɗan'uwana wa zai iya gyara bakan da ya fara tsagewa. Ya ƙirga da yatsa, ya ce a duk ƙauyukan da ke kewaye da mu saura tsoho ɗaya, shi ma idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa kuma duk suna wajen casar shinkafa. Mun yi da shi in an kwashe amfanin gona, ƙasa ta bushe, za mu ɗauko tsohon a babur ya zo ya zauna a inuwa yana nuna wa yara inda za su ɗaura azara.